Sunan Wa Ke Cikin Littafi? Labarin Matan Kafe da Gamanarmu

  

Yau maganar kafe za mu yi. Na san wata za ta ce, "To mu ina ruwanmu da kafe? Ko iccensa ba mu taɓa gani ba." Gaskiya ne. Kafe, wanda ƴan Najeriya ke ce ma kofi, wasu kuma gahawa, yana son tudu mai sanyi ko kurmi mai ruwa, ƙasar Arewa kuwa rairayi ce da rana. Abin da munka sani kawai shi ne ƴar ledar Nescafé bisa teburin mai shayi, da gwangwanin da ƴan cirani ke kawo muna tsaraba daga Abijan, inda kamfanin Nestlé ke da masana'anta. Amma bayan wanga garin baƙi akwai miliyoyin mata masu aikinsa, kuma gardamar da suke yi fiye da shekara ashirin ita ce ke jiranmu duk kaka wurin awon wake da gujiya. Shi ya sa na ɗauko ta.

Bari in fara gaya muku yadda aikin yake. Iccen kafe sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya fara ɗiya. Ɗiyan ƙanana ne kamar magarya, kuma ba su nuna lokaci guda, sai a riƙa komawa icce ɗaya ana tsinko jajayen da hannu, a bar ɗanyun. Abin da anka tsinka yau, yau za a kai shi wurin wanki, in ya kwana ya fara lalacewa. Can a ɓare bawon, a jiƙa, a wanke, a shanya bisa gadaje na mako biyu ko fiye ana juyawa, sannan a zauna a tsince marar kyau ƙwara ɗaya ɗaya. Kilo biyar ko shida na ɗiyan icce ke ba da kilo ɗaya na ƙwarar da ake fitarwa waje. Duk wadda ta taɓa ɓarar gujiya ko tsintar wake ta san hannun wa ke wanga irin aiki.

Hukumar kafe ta duniya da ke Landan ta fitar da rahoto a 2018. Ta ce a wasu ƙasashe mata ke yin har kashi 70 cikin 100 na aikin noman kafe, amma gonakin da mace ke riƙe da su kashi 20 zuwa 30 ne kaɗai. Tazarar da ke tsakanin waɗanga lambobi biyu, ita ce maganarmu ta yau.

Ga yadda abin ke faruwa, kuma ba sai an doki kowa ko an ƙwace wani abu da ƙarfi ba. Manoman kafe suna sayarwa ta hannun ƙungiyar haɗin gwiwa. Ƙungiya kuma ba ta karɓar memba sai mai gona. Gona da sunan maigida take, don haka lambar memba tasa ce. Mace ta ɗauko kwandon bisa kai ta kai sikeli, a auna, a rubuta cikin lambar mijinta. Bayan wata da watanni kuɗi su fito dunƙule, shi za a kira ya sa hannu. In an zo da horo kan taki ko magani, memba ake gayyata. In an tashi zaɓen shugabanni, memba ke ɗaga hannu. Ita da ta san iccen fiye da kowa, littafin ƙungiya bai san da ita ba.

To mi sunka yi?

A ƙasar Peru, can kudancin nahiyar Amurka, mata 464 sun haɗa kai a 2004 sunka ware kafensu daban, ana sayar da shi da sunan Café Femenino, wato kafen mata. Masu saye sunka yarda su ƙara santi 2 na dalar Amurka kan kowace laba, laba kuwa ba ta kai rabin kilo ba. Da kuɗinmu na sefa, ƙarin bai kai dala uku ba. Kuɗin ba su ba ni mamaki ba ko kaɗan. Sharaɗin da ke tare da su ne ya tsaya mani a rai: ba a sa wa kafe wanga suna sai filin da anka noma shi yana da takarda da sunan matar, sai kuɗin sun shiga hannunta, sai kuma mata na da kujera cikin shugabancin ƙungiya. Maigidan da ke son ƙarin, dole ya bi ta ofishin takardar gona tukuna.

A Kenya, cikin gundumar Kerico, akwai ƙungiyar manoma mai suna Kabng'etuny. Can ba a fara da rabon gona ba, don an san za a yi ta jayayya har shekara ta ƙare. Da itatuwan anka fara. Maza sunka yarda kowa ya ware wasu itatuwa daga gonarsa ya ce waɗanga na matata ne, a rubuta. Da wanga ta samu lambarta ta memba da asusunta na banki. Daga 2015 ƙungiyar Fairtrade ta tallafa ma shirin, har matan sunka fito da kafensu gasasshe mai suna Zawadi, wato "kyauta" da Sawahili. Akwai wani abu cikin shirin da ba a cika faɗi ba, ni kuwa shi na fi so: an gina ma gidaje murhun iskar gas ta kashin shanu. Sun gane cewa in ka ba mace itatuwa da kujerar taro, amma har yanzu ita ke tahiya neman icce kullum, kaya ka ƙara mata.

Amma labarin da ya fi kama da namu na Yuganda ne, kuma a kansa zan daɗe. A gundumar Kasese, gindin duwatsun Ruwenzori, akwai ƙungiya mai suna Bukonzo Joint. An kafa ta 1999, kuma ba da kafe ta fara ba. Da ajiya da rance ta fara, kamar mu, mafi yawan membobinta mata. Daga baya sunka lura kuɗin da ake zubawa asusu daga kafe suke fitowa, kafen kuma ana sayar da shi da arha saboda ba shi da kyau. Da anka bi diddigi, sai anka tarar matsalar cikin gida take. Miji ya san in ya bari ɗiyan icce sun nuna, matar za ta iya tsinka ta sayar. Matar ta san in ta bari, shi zai kwashe ya tahi gari da kuɗin. Sai kowa ya riƙa rigan ɗan uwansa, ana tsinkar ɗanye, ana shanya shi ƙasa, ana miƙa ma ƴan baranda a ɓoye kan kowane farashi. Gida ɗaya, mutum biyu na satar juna, ɗan kasuwa na cin riba.

Maganin da sunka yi ba ya buƙatar karatu. Miji da mata su zauna da takarda da alƙalami su zana icce. Saiwoyi su ne ayyuka: na mace gefe ɗaya, na namiji gefe ɗaya, na tare a tsakiya. Rassa su ne inda kuɗi ke tahiya: abinci, lakwal, magani, da abin da kowa ke kashe ma kansa. In an gama zane, ba sai wani ya yi wa'azi ba, iccen da kansa ya karkace, saiwoyi sun yi yawa gefen mace, rassa sun yi nauyi gefen namiji. Daga nan gidaje da yawa sunka yarda a rubuta gona da sunan mutum biyu, a sayar tare, a shirya kashe kuɗi tare. Da tsoron sata ya ragu, anka bar kafe ya nuna, ya yi kyau, ƙungiya ta samu masu saye daga waje da farashi mai daraja.

Ku ajiye kafe ku sa wake, ku gaya mani ko ba ku san gidan ba. Tiya biyu da ake fitarwa ta bayan danga a ba yarinya ta kai kasuwa kafin maigida ya dawo. Buhun da shi kuma ya ɗora ma amalanke da asuba ba a san inda ya nufa ba. Ba zargin kowa nake ba, kowa na da dalilinsa, kuma sau da yawa kuɗin maganin yaro ne. Amma wanda ke sayarwa a ɓoye ba ya tsayawa ciniki.

A Ruwanda kuwa abin ya zo ta hanya mai ɗaci. Bayan kisan kiyashi na 1994, gonaki da yawa sun rage hannun zawarawa. A 1999 anka yi dokar da ta ba ɗiya mace damar gadon ƙasa. Wata bazawara, Epiphanie Mukashyaka, ta gina wurin wankin kafe nata a 2003 a kudancin ƙasar, yau dubban manoma ke kai mata kaya. Can sama kuma, a 2022 wata ƴar Barazil, Vanúsia Nogueira, ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar nan ta Landan tun kafa ta a 1963. Madalla. Sai dai ni a ganina, mace ɗaya a Landan ba ta canza sunan da ke cikin littafin sikeli na ƙauye. Haka nan mu ma, duk taron mata sai an ambaci Sarauniyar Lugu da yadda ta tsaya ma sojan Faransa a 1899, a yi tafi, a watse. Lugu ba nisa gare ta da mu ba, muna alfahari. Amma tafin bai taɓa sa an ba wata takardar gamana ba.

Mu dawo gida ke nan.

A nan Arewa gandu na maigida ne, hatsinsa na ciyar da gida. Mace na da gamana, inda take zuba gujiya, kwaruru, yakuwa, riɗi, kuɓewa. Amfanin nata ne, kuma a wanga wuri mun fi matan kafe da yawa sa'a, a faɗi gaskiya. Amma filin fa? Mafi yawa aro ne daga miji ko dangi. Kin shekara uku kina kai taki da kai, kina barin tsiron gawo da sabara su tashi, ƙasa ta farfaɗo, sai a ce bana nan za a sa hatsi, ke koma can gefen fako. Ko aure ya mutu, ko maigida ya rasu, ƴan uwansa su ce fili na gida ne. Ga gado kuma, addini ya yanka ma ɗiya mace rabonta, ya yanka ma matar mamaci nata, amma da an zo kan gona sai a ce "ai aure za ta yi", a ba ta akuya ko ƴan kuɗi a rufe magana. Jama'a na ƙaruwa, gonaki na ƙanƙancewa, kuma in fili ya yi kaɗan gamanar mace ake fara haɗiyewa.

Alhali hanya na nan. Tun dokar ƙasar noma ta 2 ga Maris 1993, Nijar ta tanadi kwamitocin filaye. Na ƙauye shi ake ce ma Kofob, maigari ke shugabantarsa, kuma cikinsa akwai kujerar wakiliyar mata. Akwai na ƙaramar hukuma, akwai na Dutsi da na Tibiri. Kofob na iya rubuta takardar shaidar kyauta, ta saye, ta gado, ta jingina, har da ta aro. Wagga ta ƙarshe ita nake so ku riƙe. In maigida bai shirya ba ki fili kyauta ba, ba sai an yi faɗa ba. A rubuta aro na shekara biyar ko goma, da shaidu, da iyakoki. Daidai da itatuwan matan Kenya ke nan: gonar tana nan ta gida, amma an san wanga yanki hannun wance yake zuwa lokaci kaza. Kuma ina tambaya, cikinku wa ta san sunan wakiliyar mata ta Kofob ɗin garinsu? In ba a san ta ba, ko ba a taɓa kiranta zama ba, daga nan aiki zai fara.

Sai maganar awo. Mu ke shuka, mu ke roro, mu ke ɓara, mu ke suya, mu ke matse mai, mu ke murza ƙuli-ƙuli. Da kaya ya kai buhu, ya tashi daga tiya ya koma mota, sai hannunmu ya fita. Masu tarawa maza ne, dillalai maza ne, masu kai wake Najeriya maza ne. Ɗan awo ya zo ƙofar gida da tiyarsa, wadda bakinta ya buɗe kamar an zauna mata, ya cika ta ya yi mata tozo, ya sa hannu ya tare gefe. Ke kuma kina sauri don zubin asusu gobe ne. Kowacce ita kaɗai, da tiya biyar ko goma, ba ta da bakin cewa a'a. Mata talatin da buhu ashirin wuri ɗaya, da tiyarsu ta kansu ko sikeli, su ke faɗin farashi a saurare su.

Mun riga mun iya abin da ya fi wanga wuya. Tun da CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, matan Nijar ke riƙe akwati mai kwaɗo uku, makullai hannun mata uku, ana ƙirga kuɗi gaban kowa, ana tara, ana rance, ana rabo ba tare da namiji ya riƙe muna alƙalami ba. Tsarin ya bar ƙasarmu ya zaga Afirka da Asiya. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 da na 2011 matan asusu sun tsaya takara, wasu sun ci kujerun kansila. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ba mata kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2019 anka kai shi 25. To don mi, da an ce ƙungiyar manoma ta gari, ko bankin hatsi, ko shagon taki, sai mu koma bayan tabarma mu yi shiru?

Akwai wata tarayyar ƙungiyoyi da na sani, ba zan faɗi suna ba. Membobi kusan duk mata. Shugaba mace ce, an ɗauki hotonta, an kai ta taro birni. Amma littafi da hatimi da lambar waya da baƙi ke kira suna hannun sakatare namiji, don an ce shi ya iya Faransanci. Ranar da taki ya zo, shugaba a bakin mutane ta ji. Wanga ba shugabanci ba ne, ado ne. Duk inda za ku zaɓi shugabanni, ku fara duba kujerar sakatare da ta ma'aji kafin ta shugaba. In babu mai rubutu cikinku, akwai ɗiyanmu mata da sunka yi kwaleji suna zaune gida, akwai waɗanda munka yi karatun yaƙi da jahilci tare. Littafin ƙungiya ana iya rubuta shi da Hausa, mu da ke karanta wagga jarida shaida ne.

Doka ma ba ta hana mu namu ba. Ƙarƙashin dokar OHADA ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda anka sa ma hannu a Lome a Disamban 2010 kuma Nijar na cikinta, mutum biyar sun isa su kafa ƙaramar ƙungiya da ake kira SCOOPS. Kwamitin gudanarwa mutum uku ne, da wasu masu sa ido daban. Kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi, mai buhu goma da mai tiya goma daidai suke ranar zaɓe. Amfanin rijista shi ne ƙungiya ta zama mai suna gaban hukuma: tana buɗe asusu, tana sa hannu kan yarjejeniyar saye, tana shiga warantaji. Warantaji kuwa, ga wadda ba ta sani ba, a nan Nijar anka fara yaɗa shi wajen 1999: a ajiye kaya cikin magaza lokacin kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya hannun ƙungiya ɗaya hannun masu ba da rance, a karɓi rancen wani kaso na darajar kayan a yi sana'a, in farashi ya tashi wajen bazara a biya a fitar. Ga wake kuma akwai buhun PICS mai ciki uku, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba in an ɗaure shi da kyau. Kada dai in ruɗe ku: akwai shekarar da farashi ba ya tashi, kuma rijista na da kuɗi da zirga-zirga zuwa Dutsi. Asusun da bai yi zagaye biyu ko uku lafiya ba, kada ya yi gaggawa.

Saura maganar iyayen gida, don na san wasu su ke karanta ma matansu wagga takarda. Malam, ba gandunka ake nema ba. A Kasese mazan da sunka yarda da zanen icce ba su talauce ba, kafensu ne ya ƙara kuɗi. Kuma kai da ka kan tahi cirani wata shida ko bakwai, wa ke tsaron gida da bisashe da rumbu in ba ita ba? In taki ya zo da rani ana neman mai suna cikin littafi, kai kana Abijan ko Legas, gidanka ya rasa. Sunanta cikin littafi rabon gidanka ne ya zama biyu. Ku kuma ƴan uwa, kada a kai maganar lokacin da ya shigo da yunwa. A samu malamin gari ko wata dattijuwa da yake jin nauyinta, a zauna.

Kuma in an ba wata kujera, a rage mata wani kaya. Wadda za ta wakilce mu Dutsi ta bar daka da ɗibar ruwa da yara. Asusu ya ware mata kuɗin mota daga akwatin taimako, maƙwabta su karɓi tulunta ranar. In ba haka ba, kullum masu kishiya ko masu manyan ɗiya kaɗai za su iya shugabanci, matasa masu ƙarfi da karatu su zauna.

A zaman asusu na mako mai zuwa, bayan an gama zubi, ina roƙon kowace shugaba ta riƙe mata na ɗan lokaci. A zagaya a tambayi kowacce: gamanar da kinka noma bana, ta wa ce, kuma akwai takarda? Sakatariya ta rubuta amsa bayan littafi. A kuma ƙirga tiya nawa ta wake da gujiya ta rage hannun membobi ba a sayar ba, don mu san ko ta kai a haɗa. Wadda ke da takardar Kofob ta zo da ita, a karanta da ƙarfi kowa ya ji yadda ake rubuta ta. Ku aiko mani da abin da kunka samu ta hannun masu raba jarida kafin ƙarshen wata, zan jera garuruwan a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.